Kada Ka Bari Shafinka Ya San Inda Fayilolinsa Suke Kwana

Shekarun baya wani matashi da nake koya wa gina shafukan intanet ya kira ni da daddare, murya na rawa. Ya gina wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar duba sakamakon jarrabawa, ya shafe makonni yana gwada ta a kan kwamfutarsa mai ɗauke da Windows da XAMPP, komai lafiya lau. Ranar da ya ɗora ta a kan uwar garken da makarantar ta kama haya, wadda ke aiki da Linux, sai hotunan ɗalibai suka ɓace, takardun sakamako suka ƙi fita, ga shi an riga an sanar da iyaye cewa da safe za su shiga su duba. Shi a tunaninsa kamfanin da ya ba da hayar ne ya cuce shi.

Da na buɗe aikin, ban ga laifin kamfanin ba ko kaɗan. A wurare da dama yaron ya rubuta adireshin folda baro-baro, wato `C:\xampp\htdocs\makaranta\hotuna`. Inda ya gyara wannan kuma, ya bar karan da ya karkata baya a tsakanin sunaye, shi kuwa Linux bai ɗauki wannan alama a matsayin mai raba folda da fayil ba, harafi ne kawai kamar kowane harafi. Saboda haka maimakon hoto ya shiga cikin folda, sai aka riƙa samar da fayil mai suna `hotuna\dalibi12.jpg` a waje. Na uku, ya sa wa folda suna `Hotuna` da babban baƙi, amma a cikin umarninsa yana kiran ta `hotuna` da ƙarami. Sai da muka kai asuba muna farautar waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga wannan dare na tsaya a kan ra'ayi ɗaya, kuma shi nake son na kare a wannan rubutu. Duk wanda zai gina shafin da ke ajiye fayil, hoto ne ko takarda ko sauti, to tun ranar farko ya bi da duk wata hulɗa da fayil ta ƙofa guda, ta hanyar kayan aikin da yaren gina manhajarsa ya tanada, kada ya riƙa magana kai tsaye da babbar manhajar kwamfuta. Sai dai zan kuma nuna cewa wannan dabara tana da iyaka, kuma wanda ya ɗauke ta maganin kowace cuta zai sha mamaki.

Daga ina bambancin ya samo asali?

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa tun farko kwamfutoci ba su daidaita a kan tsari ɗaya ba? Amsar tana cikin tarihi. Unix, wadda Linux ta gaji ɗabi'unta, an fara gina ta ne a 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, kuma ta zaɓi alamar `/` don raba sunayen folda. Lokacin da MS-DOS 2.0 ta zo da tsarin folda a 1983, an riga an saba amfani da `/` wajen ba umarni zaɓi, sai aka ɗauki `\` a madadinta. Windows ta gaji wannan, har yau muna fama da shi.

Alamar raba suna ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolin. Tsarin ajiya na NTFS da Windows ke amfani da shi yana adana babban baƙi da ƙarami yadda ka rubuta, amma wajen nema, bisa al'ada, ba ya bambanta su. Haka ma kwamfutocin Mac suke zuwa daga kamfani. Shi kuwa ext4 na Linux, `Hoto.JPG` da `hoto.jpg` fayiloli biyu ne daban a wurinsa. Windows ba ta yarda a sa alamomi irin su `:` da `?` da `*` da `|` a sunan fayil ba, kuma akwai sunayen da ta keɓe tun zamanin DOS, irin su CON da PRN da AUX da NUL. Linux bai hana komai ba sai `/` da bayit ɗin sifili. Ke nan idan manhajarka tana sa wa rahoto suna da lokaci, kamar `rahoto 10:30.pdf`, za ta yi aiki a Linux, amma ranar da ka kwafo ajiyar zuwa kwamfutar ofis mai Windows za ka ji jiki.

Akwai kuma batun ƙarshen layi, inda Windows ke sa alamomi biyu, Linux kuma ɗaya. Akwai tsohuwar iyakar tsawon adireshi ta haruffa 260 a Windows, wadda har yanzu manhajoji da yawa ke karo da ita. Akwai tsarin izini, domin lambobin nan na 644 da 755 da muke gani a cPanel na dangin Unix ne. A Python, idan ka kira `os.chmod` a kan Windows, abin da kawai zai iya sauyawa shi ne ko fayil na karatu ne kaɗai ko a'a. Sannan a Linux kana iya goge fayil alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, a Windows kuwa sau da yawa za a ce maka ana amfani da shi, ka jira.

Mu masu Hausa muna da namu rabon

Wasu daga cikin waɗannan matsaloli sun fi shafar mu fiye da mai rubutu da Turanci. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, babu su a tsohon jadawalin haruffa na Windows-1252. Har yanzu a yawancin nau'o'in Python da ake aiki da su, idan ka buɗe fayil don rubutu a kan Windows ba tare da ka faɗi `encoding="utf-8"` ba, zai ɗauki jadawalin kwamfutar ne, kuma da ya iso kalmar "ƙasa" sai ya tsaya da kuskure. Wannan umarni ɗaya a Linux zai wuce sumul. Game da sunayen fayil kuwa, sai a Disambar 2016 ne PHP 7.1 da Python 3.6 suka daidaita amfani da UTF-8 a adireshin fayil a kan Windows. Duk wanda ke riƙe da tsohuwar manhaja da ta girmi wannan lokaci, ya san yadda sunan fayil mai ƙ ke rikiɗewa ya koma alamomin tambaya.

Har ila yau, iyakar tsawon sunan fayil a Linux bayit 255 ce, kuma ana ƙirga bayit ne, ba harafi ba. Kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu yake ci a UTF-8, haka ma haruffan Larabci da ake rubuta ajami da su. Dogon take na lacca da aka rubuta da ajami zai iya cika ma'auni tun yana rabin abin da kake zato.

Sai kuma alamar nan ta ɗauri da ke cikin sunayenmu, irin su Mu'azu da Sa'adatu da kalmar 'yan. Na sha ganin manhajar da ke motsa fayil ta hanyar harhaɗa umarnin `mv` a aika wa babbar manhaja da `exec`. Da zarar sunan fayil ya zo da wannan alama, umarnin ya karye gida biyu. Idan aka yi rashin sa'a, wannan ɓaraka ita ce ƙofar da ɗan dandatsa zai cusa nasa umarnin. Bayan haka ma, `mv` da `rm` babu su a tagar umarni ta cmd da ke Windows. Wanda ya kira `rename` na PHP ko `shutil.move` na Python ya tsira daga duka biyun, domin sunan fayil yana tafiya ne a matsayin bayani, babu mai fassara shi a matsayin umarni.

Mene ne wannan ɗan aike?

Abin da nake kira gare shi, littattafan Turanci na kiran sa wrapper, kalmar da a Turancin kasuwarmu ke nufin zani. Ni na fi son kiran sa ɗan aike. Kai dai ka ce masa "ajiye wannan da suna kaza" ko "ɗauko min kaza", shi ya san hanya, ya san yaren da ake yi a inda zai je.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma manyan uwayen garke da kansu a kanta suke tsaye. Lokacin da aka fito da Apache 2.0 a 2002, an ware duk wani aiki da ya dogara da babbar manhaja aka zuba shi a laburare guda mai suna APR, ta yadda sauran sassan Apache ke kiran umarni ɗaya na buɗe fayil, ko a Linux ake ko a Windows. Node.js ma sai da aka gina masa libuv a 2011 kafin ya zauna daram a kan Windows. Idan waɗanda suka gina uwar garken kanta ba su yarda su warwatsa bambancin babbar manhaja a cikin aikinsu ba, ban ga dalilin da zai sa mu da muke gini a samansu mu yi hakan ba.

'Yan aiken nan hawa-hawa ne. Hawa na farko shi ne na harhaɗa adireshi: `path.join` a Node.js, `os.path.join` ko `pathlib` a Python, wanda ya shigo tun Python 3.4 a 2014, da `DIRECTORY_SEPARATOR` a PHP. Hawa na biyu shi ne na ayyukan kansu, wato buɗewa da kwafa da sauya suna da gogewa, waɗanda yaren ke fassara wa kowace babbar manhaja. Hawa na uku shi ne wanda ya ɓoye har wurin ajiyar. PHP ta zo da wannan tun nau'in 4.3 a ƙarshen 2002, inda `fopen` guda ke iya buɗe `file://` ko `ftp://` ko `php://memory`, kuma kana iya yi wa naka rajista da `stream_wrapper_register`. Ta wannan ƙofa ce kayan aikin Amazon na PHP ke ba ka damar rubuta `s3://` kamar kana magana da faifan kwamfutarka. Laravel tun nau'i na 5 a 2015 ya ɗora tsarinsa na `Storage` a kan laburaren Flysystem na Frank de Jonge. Django na da `default_storage`. WordPress na da `WP_Filesystem`, wanda ke zaɓar ko ya rubuta kai tsaye ko ya bi ta FTP ko SSH, gwargwadon yadda uwar garken ta ba da izini.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi

Wani zai ce ai wannan duk kwalliya ce ta masana. A wurina magana ce ta kuɗi da 'yanci. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Duk wanda ke biyan hayar uwar garke da dala ya ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. A irin wannan hali, wanda zai iya kwashe shafinsa cikin yini ɗaya ya koma wani masauki mai sauƙi, ko na cikin gida da ake biya da naira, shi ne mai zaɓi. Wanda adireshin fayilolinsa ya bazu a ɗaruruwan layuka da cikin rumbun bayanai, dole ya ci gaba da biya, ko ya biya wani ya warware masa, alhali kuɗin gyaran na iya fin na hayar.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare. Asibiti ko makaranta ko ƙungiyar da ke ajiye takardun mutane na iya wayar gari lauyanta ya ba ta shawarar ta dawo da su gida. Idan aikin ya bi ta ƙofa guda, sauyin bai wuce kwashe fayiloli da gyara layi biyu ko uku a fayil ɗin saiti ba.

Sannan su kansu masaukan zamani sun sauya ɗabi'a. A Heroku, misali, duk fayil ɗin da manhajarka ta rubuta a faifai yana ɓacewa idan aka sake tayar da ita, kuma akan sake tayar da ita aƙalla sau ɗaya a rana. Haka abin yake a akwatin Docker da ba a haɗa masa ma'ajiya ta dindindin ba, da zarar an rushe shi an gina sabo. Ranar kuma da shafinka ya bunƙasa har ka buƙaci uwar garke biyu, hoton da aka ɗora a ta farko ba zai bayyana a ta biyu ba. A duk waɗannan halaye mafita ɗaya ce, a mayar da fayiloli ma'ajiya ta daban irin S3, wadda Amazon ya buɗe a 2006, ko masu jin yarenta irin su Cloudflare R2 da Backblaze B2 da MinIO. Wanda ya fara da ɗan aike, wannan ƙaura ba za ta ɗaga masa hankali ba.

Abin da masu suka ke faɗa

Suka ta farko ita ce, tunda kusan duk shafukan da muke ginawa a Linux za su ƙare, me zai hana mutum ya yi aikinsa a Linux tun farko, ta Docker ko ta WSL da ke cikin Windows, ya huta? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ni ma ina ba da shawarar a yi hakan. Sai dai tana magance rabin matsalar ne. Ta kawar da saɓanin Windows da Linux, amma ba ta taɓa saɓanin faifai da ma'ajiyar intanet ba. Bugu da ƙari, a yankinmu ba kowane aiki ne ke ƙarewa a Linux ba. Cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta da ƙananan asibitoci da shaguna da yawa suna gudanar da manhajarsu ne a kan kwamfuta mai Windows da ke cikin ginin, saboda intanet ba abin dogaro ba ne. Idan kana son sayar da manhaja ɗaya ga mai Windows a ofis da mai haya a intanet, babu makawa sai ta iya zama a duka biyun. A kula kuma, idan aikinka na zaune a ɓangaren `/mnt/c` na WSL, har yanzu ɗabi'ar Windows ta rashin bambanta baƙaƙe ce ke aiki, don haka a ajiye shi a ɓangaren Linux ɗin.

Suka ta biyu ita ce nauyi, wato kowane hawa da ka ƙara yana rage gudu. Ga fayil ɗin da ke faifai, abin da ɗan aike ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da lokacin karanta faifan kansa. Inda nauyin gaske yake shi ne a tilasta wa PHP ko Python su ɗauki kowane hoto da bidiyo su miƙa wa mai ziyara da hannunsu. Iyakar ma'adanar wucin gadi da PHP ke zuwa da ita megabayit 128 ce, ke nan `file_get_contents` a kan bidiyon lacca mai megabayit 300 zai kashe aikin nan take. Maganin shi ne a raba aiki. Yaren ya duba ko mai neman fayil yana da izini, sannan ya miƙa wa uwar garken ta aika, ta hanyar `X-Accel-Redirect` a Nginx ko `X-Sendfile` a Apache idan an girka masa abin da ke fahimtar sa. Idan a S3 fayil ɗin yake, a ba mai nema rariya mai sa hannu da ke mutuwa bayan 'yan mintoci.

Suka ta uku ita ce wadda na fi girmamawa, kuma ita ce ta tsaro. Ɗan aiken da ya san hanyoyi da yawa ana iya aiken sa inda ba ka so. A taron Black Hat na 2018 a Amurka, mai bincike Sam Thomas ya nuna cewa idan maharin ya iya cusa adireshi mai farawa da `phar://` cikin umarni mai sauƙi irin `file_exists`, PHP na iya warware bayanan da ke ƙunshe a fayil ɗin ta yadda a ƙarshe za a gudanar da umarnin maharin. Matsalar ta shafi WordPress da TYPO3 da laburaren TCPDF. Sai a PHP 8.0, a Nuwambar 2020, aka daina wannan warwarewa ta kai tsaye. Darasin da na ɗauka a nan shi ne kada adireshin da baƙo ya rubuta ya taɓa isa ga umarnin fayil yadda ya zo. Wannan kuwa ya fi sauƙin tabbatarwa idan ƙofar guda ce, domin wuri ɗaya za ka tsare. Wanda kuma ke ganin zai rubuta nasa mai tace adireshi da hannu, ya tuna da Oktoban 2021, lokacin da wani sauyi a yadda Apache 2.4.49 ke daidaita adireshi ya ba mahara damar fita daga foldar shafi su karanta wasu fayiloli, gyaran farko na 2.4.50 bai toshe ɓarakar duka ba, sai da aka fito da 2.4.51. Idan ƙwararrun Apache sun yi tuntuɓe a nan, ni da kai ya kamata mu yi taka-tsantsan.

Inda ɗan aike ke gazawa

A 2002 Joel Spolsky ya yi wani sanannen rubutu da ke bayanin cewa duk wani rufi da aka yi don ɓoye sarƙaƙiyar da ke ƙasa, wata rana sai ya yi yoyo. A harkar fayil, ga inda yoyon yake.

Mu ɗauki sauya suna. A Linux, idan ka sauya wa fayil suna zuwa sunan wani da ke nan, a cikin faifai ɗaya, musanyar na faruwa ne a taki guda, babu lokacin da mai karatu zai tarar da rabin tsoho rabin sabo. A Python, `os.rename` a kan Windows zai ƙi idan akwai mai wannan suna, shi ya sa aka kawo `os.replace` a nau'in 3.3. A S3 na yau da kullum kuwa babu sauya suna kwata-kwata. Abin da ɗan aike ke yi a ɓoye shi ne ya kwafa sannan ya goge na asali, kuma idan sadarwa ta yanke a tsakani za ka tashi da kwafi biyu. Babu folda ta gaskiya a can, sunaye ne kawai masu ɗauke da `/` a ciki. Jero sunaye na zuwa ne dubu-dubu a kowace buƙata. Umarnin `file_exists` da ba ya cin komai a faifai, a `s3://` tafiya ce ta intanet mai cin lokaci, kuma ana lissafa ta a kuɗi. Ka sa shi cikin zagayen da ke duba hotuna dubu biyar, ka ga yadda shafi zai daskare. A Django ma, idan ka saba kiran `.path` a kan fayil, ranar da ka koma ma'ajiyar nesa zai tsaya da kuskure, domin babu adireshin faifai da zai ba ka.

Kulle fayil ma haka. A Linux `flock` yarjejeniya ce tsakanin manhajojin da suka yarda su mutunta ta, wanda bai tambaya ba zai wuce ya rubuta. A Windows kullen na hana kowa. A S3 babu shi. Don haka duk abin da ke buƙatar mutum biyu kada su rubuta a lokaci ɗaya, kamar lambar rasit ko ƙidayar kaya, wurinsa rumbun bayanai ne, kada a ajiye shi a fayil.

Sai batun da ya fi kusa da mu, wato ɗauke wuta. Idan umarnin rubutu ya dawo ya ce ya gama, sau da yawa bayanan na cikin ma'adanar wucin gadi ne, ba su sauka a faifai ba tukuna. Ga uwar garken da ke cikin ofis, wadda ke rayuwa tsakanin wutar NEPA da janareta da batirin da ya gaji, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Hanyar da aka sani ita ce a rubuta a fayil na wucin gadi cikin folda ɗaya da na asali, a kira `fsync` don tilasta saukar da shi, sannan a musanya suna. Python na da `os.fsync` tun da daɗewa, PHP kuwa sai a nau'in 8.1 na 2021 ta samu `fsync`. Ba kowane laburare ne ke yi maka wannan da kansa ba. Amma idan ƙofarka guda ce, sau ɗaya za ka rubuta shi, dukkan manhajar ta amfana.

Abin da nake ba da shawara

Idan kana aiki da Laravel ko Django ko WordPress, yi amfani da tsarin ajiyar da suka zo da shi, kada ka zagaye shi don ka ga `move_uploaded_file` ya fi saurin rubutawa. Idan kuma da hannu kake gini, ware fayil guda da zai ƙunshi ayyuka biyar kacal: ajiye, ɗauko, goge, duba ko akwai, da ba da rariya. Ka taƙaita su da gangan, domin waɗannan ne kowace irin ma'ajiya ke iya yi ba tare da dabara ba. Duk wani wuri a manhajar da ke son taɓa fayil, ta nan zai bi.

A rumbun bayanai, ajiye gajeren suna kawai, kamar `dalibai/2024/7f3a9c.jpg`, tushen adireshin kuma ya zauna a fayil ɗin saiti. Kada ka ajiye fayil da sunan da mai ɗorawa ya ba shi. Ƙirƙiro masa sabon suna na ƙananan baƙaƙen boko marasa lanƙwasa da lambobi, sunan asali kuma, da ƙ ɗinsa da ɗaurinsa, ka adana shi a rumbun bayanai don nuna wa mutane da kuma sa wa fayil lokacin saukewa. Da wannan mataki ɗaya ka kashe matsalar babban baƙi, da haramtattun alamomi, da tsawon suna, da yunƙurin fita daga folda. Ka riƙa faɗin UTF-8 ƙarara duk lokacin da za ka buɗe fayil na rubutu, hoto da PDF kuma ka buɗe su a yanayin bayit, wato da harafin `b`.

Daga ƙarshe, ka gwada ƙaura tun ba ta zama dole ba. Ware yammaci ɗaya, ka ɗauki shafin ka tayar da shi a wata babbar manhaja daban, ko ka juya ajiyarsa zuwa MinIO da ka girka a kwamfutarka. Duk abin da ya karye, ka gano wurin da wani umarni ya tsallake ƙofar ke nan. Ga malamai masu koyar da matasa a cibiyoyin kwamfuta na Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, roƙona shi ne a sa wannan gwaji cikin sharuɗɗan kammala aikin ɗalibi: wanda ya gina a Windows ya nuna aikinsa na gudana a Linux kafin a ba shi maki.

Shi wancan matashi, bayan mun tsallake daren, ya ɗauki mako guda ya tattara duk umarnin fayil na manhajar ya zuba su wuri ɗaya. Da makarantar ta sauya masauki daga baya saboda tsadar haya, bai kira ni ba. Sai bayan an gama ne ya turo min saƙo cewa layi biyu ya gyara a fayil ɗin saiti, sauran lokacin duk ya tafi ne wajen jiran hotuna su gama kwafuwa.